Kifaye masu siffar maciji a tankin gilashi: abubuwan ban mamaki a taƙaice

A ɓangaren masu kifin ado na kasuwar Chatuchak da ke Bankok, haka ma a shagunan irin wannan sana'a a Landan ko Hambug, akwai tankin da baƙo kan wuce bai tsaya ba, don a ganinsa babu komai a ciki sai yashi da guntayen bututun roba. Wanda ya yi haƙuri zai ga yashin ya ɗan motsa, wani siririn hanci ya leƙo yana karkarwa, sai ƙananan idanu biyu su biyo baya, sauran jikin kuwa yana binne. Mai shago zai ce maka il ne na ruwan daɗi, wato kifi mai siffar maciji. Da wannan suna ɗaya yake sayar da halittu biyar ko shida waɗanda ba su haɗa dangi ba, ba su haɗa abinci ba, wasunsu ko ruwan da suke rayuwa a ciki ba iri ɗaya ba ne. Doguwar siffa kaɗai ta tara su. Yawancin asarar da masu kiwo ke tafkawa, da wahalar da kifayen ke sha, daga nan suke somawa.

Masu ƙaya a gadon baya

Wanda ya cika shaguna shi ne mai ƙaya, ɗan gidan da masana ke kira Mastacembelidae, kuma babu zumunci na kusa tsakaninsa da il na asali. Yana da jerin ƙananan ƙayoyi a gadon baya, shi ya sa ba a kama shi da raga: ƙayoyin kan sarƙe a zaren, garin ɓamɓarewa a ji masa rauni. Da roba mai zurfi ake kamfato shi tare da ruwansa.

Uku ne suka fi suna. Akwai mai idon ɗawisu, daga kogunan Mekong da Chao Phraya, mai ɗigo-ɗigo zagayayyu kusa da wutsiya, wanda ba ya wuce santimita 30. Akwai mai zanen taya, da kan kai santimita 90. Sai mai jan wuta, baƙi-baƙi da jajayen layuka a tsawon jiki, wanda kan kai mita guda cur, kuma a ƙasashensu na kudu maso gabashin Asiya kifin miya ne. Abin da ke damuna shi ne dukansu ukun ana sayar da su suna ƙanana, tsawonsu bai fi tafin hannu ba, ba lalle kuma mai shago ya faɗa maka wanne ne zai tsaya a nan, wanne ne wata rana zai buƙaci tanki mai lita 600 ko fiye. Kamata ya yi a rubuta girman da kifi zai kai a jikin tankin sayarwa, kusa da farashi.

Afirka ma tana da nata. Tafkin Tanganyika kaɗai yana da ire-irensu fiye da goma, yawanci babu su a ko'ina sai can. A gangaren Kogin Kwango, inda ruwa ke gudu da ƙarfi cikin duwatsu, akwai wani fari fat wanda ba ya gani, ya gama rayuwarsa a ƙarƙashin dutse.

Wa zai zauna da wa?

Masu idon ɗawisu suna jure wa junansu. Uku ko huɗu kan shige bututu ɗaya su kwanta, kawunansu a jere a bakin ramin. Manyan biyun kuwa, mai zanen taya da mai jan wuta, suna yara ne kawai suke shiri. Da zarar sun girma sai kowa ya kama yankinsa, mai ƙarfi ya dinga korar mai rauni da cizo. Sau da yawa ba cizon ke kashe shi ba, tsoro ne ke hana shi fitowa cin abinci har ya rame ya mutu a maɓoyarsa, mai tankin bai ankara ba. Masu gogewa sun daɗe da tsayar da ƙa'ida biyu: waɗanda za a haɗa su kasance kusan girma ɗaya, maɓoya kuma ta fi yawan kifayen, a warwatsa ta yadda na wannan rami ba ya hango na wancan.

Game da sauran kifayen ado, awon bakinsa ne hukunci. Duk abin da zai shiga bakin, wata safiya za a ƙirga a tarar babu shi.

Akwai wani ɗan siriri mai ratsin baƙi da ruwan ɗorawa, daga Indonesiya da Malesiya, ana ce masa kuli. Bai wuce santimita 10 ba, kuma ba ya son kaɗaici: idan shi kaɗai ne sai ya ɓuya ka yi wata ba ka gan shi ba, idan sun kai shida sai su fito suna cukurkuɗewa da juna a gindin ciyawa. Wasu kan ga siffa ta zo ɗaya su zuba shi tare da babban mai ƙaya. A idon babban, kuli tana ce mai rai.

Gwanayen tserewa

Tambayi duk wanda ya daɗe yana kiwon irin waɗannan kifaye yadda ya rasa na farkonsa, da wuya bai ce maka a ƙasan ɗaki ya tsince shi da safe, ya bushe ba. Duk ƙofar da kai ya shiga, jiki zai bi. Ramin da wayar fitila ta wuce, gefen bututun na'urar tace ruwa, kusurwar murfin da bai zauna daidai ba, duk suna laluba su da daddare ɗaya bayan ɗaya. Ana toshe ramukan da soso, a ɗora wa murfi nauyi domin babba kan ture shi da kai, a kuma rufe bakin bututun da ke zuƙar ruwa da raga, don ƙananan kan shige ciki.

Wannan hali ya kai inda hankali ba zai kawo ba. A 2024 masu bincike a Jami'ar Nagasaki ta Japan suka ɗauki hoton bidiyo da na'urar haska cikin jiki, suka ga 'ya'yan il na Japan da wani kifi ya haɗiye suna neman hanya daga cikin tumbinsa. Ɗan il ɗin kan tura wutsiyarsa baya-baya ta maƙogwaro, ya zura ta cikin kafar numfashin kifin da ke gefen kai, ya naɗe jiki ya fizgo kansa waje. Cikin 32 da aka haɗiye, 9 sun fita da ransu.

Cin dare

Idanunsu ba su da ƙarfi sosai, hanci ne ke yi musu jagora, kuma sai an kashe fitila suke fitowa. Wanda ke zuba abinci da rana tare da na sauran kifaye, masu sauri na sama ne za su cinye, na cikin yashi ya kwana da yunwa. Hanyar da ta fi ita ce a kashe fitila, a ɗan jira, sannan a kai abincin bakin raminsa da dogon hantsaki. Idan suna da yawa, kowa a kai masa nasa ƙofar gidansa, a fara da mafaɗacin don ya shagala.

Busasshen abincin gwangwani da sauran kifaye ke rububi, yawancinsu ko kallonsa ba sa yi. Tana suke so, da jajayen tsutsotsin ruwa da ake sayarwa a daskare, da jatan lande, da yankan ɗanyen kifi. Tanar da aka tono a lambun da aka yi wa feshin maganin ƙwari tana iya kashe su. A nemi ta wuri mai tsabta, a bar ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar takarda ta fitar da ƙasar cikinta. Sabon zuwa kan yi mako ɗaya ko biyu bai ɗanɗana komai ba, wannan ba abin tayar da hankali ba ne muddin ba ya ramewa. Babba kuwa sau biyu ko uku a mako ya ishe shi. Abin da ya rage a kwashe shi da safe, don nama idan ya ruɓe a ruwa guba yake zama.

Wasu kan sayo ƙananan jajayen kifin ado masu arha su zuba musu da rai. Ban yarda da wannan ba. Irin waɗannan kifaye kan shigo da cuta, sannan namansu yana da wani sinadari da ke lalata bitamin B1 a jikin wanda ya mayar da su abincin kullum.

Mai jan wuta yana sabo da mai shi ƙwarai. Bayan 'yan watanni, da ya ji motsi kusa da tanki sai ya fito daga bututu ya miƙe tsaye cikin ruwa, wutsiya a ƙasa, hanci a sama. Idan ka sa hannu da tana tsakanin yatsu, zai zo ya shafa ta da ɗan hancin nan mai laushi, ya ja baya kaɗan, ya sake shafawa, sai wuf! ta ɓace, ko motsin bakinsa ba ka gani ba. Wani har ya kwanta a tafin hannunka yana jiran ƙari. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai ƙara cewa kifi ba ya gane mutane ba.

Il na asali nasa salon daban ne. Idan ya kama naman da ya fi ƙarfin haɗiya, sai ya dasa haƙora ya juya jikinsa gaba ɗaya kamar yadda ake murza maburgi a tukunyar miya, har tsoka ta yage. An auna irin na Amurka yana juyi har sau 14 a daƙiƙa ɗaya.

Yashi, zafi da magani

Tsakuwa mai kaifi tana ƙuje fatar mai binne kansa, ƙujewar ta zama gyambo. Yashi mai laushi ake shimfiɗa musu, mai kaurin da zai rufe su. Ciyawar da aka dasa kuwa sai an yi haƙuri, tumɓuke ta suke yi.

Fatarsu ba ta da kariya irin ta sauran kifaye, don haka maganin da ke da sinadarin tagulla, wanda ake zubawa don kashe farin ƙurji, yana iya gamawa da su kafin ya gama da cutar.

Zafin ruwa digiri 24 zuwa 28 suke so. Mai kiwo a Kano ko Jos sai ya lura da daren hunturu, lokacin da ruwan tanki ke yin sanyi ƙalau. Idan an sa sandar ɗumama ruwa a yi mata keji, domin sukan naɗe a jikinta su ƙone. Ɗauke wuta na sa'o'i ma haɗari ne ga masu ƙaya. Ƙaramin famfon iska mai batir ya ceci kifaye da yawa.

Ɗan Kalaba

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi so a Turai da Amurka daga kudancin Najeriya yake fita. Kifin igiya ne, Erpetoichthys calabaricus, wanda aka fara bayyana wa masana a 1865 daga samfurin da aka ɗebo a yankin Kalaba. Yana zaune a fadamu da ƙoramu masu kwanciyar ruwa daga Binin zuwa Kamaru. Ɗan uwan gwando ne na jini, mai ɓawo mai tauri jere-jere, ruwan ganye a baya, ruwan ɗorawa a ciki. Yana da huhu, kamar gaiwa, kuma lokaci-lokaci sai ya hau sama ya shaƙi iska. Idan aka cika tanki maƙil har ruwa ya taɓa murfi, kifin nan zai iya nutsewa ya mutu a cikin ruwa. Dole a bar tazara tsakanin ruwa da murfi.

'Ya'yansa kan fito da gashin numfashi a waje, gefen kai, daga baya ya ɓace. Shi ne mafi sanyin hali a duk waɗanda muka ambata, yana son zama da 'yan uwansa, kuma a tserewa babu na biyunsa, don yana iya yin sa'o'i a waje muddin jikinsa da danshi. Kusan duk wanda ake sayarwa daga daji aka kamo shi, ga shi kuma ana ta sare dazuzzukan fadamar da yake zaune ana dasa kwakwar manja.

Wanda aka yi wa ƙaryar ruwan daɗi

Akwai wani mai dogon baki da haƙora, Gymnothorax tile, daga bakin kogunan Indiya da maƙwabtanta inda ruwan kogi ke gauraya da na teku. Shaguna kan sayar da shi a matsayin na ruwan daɗi. Zai yi 'yan watanni lafiya, sannan ya daina ci, ya dinga dusashewa. Gishirin teku yake buƙata a ruwansa, wanda kuma masu ƙaya da kuli ba za su jure ba, don haka haɗa su zalunci ne ga ɓangare ɗaya ko ta yaya aka yi. Danginsa suna da muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro. A 2007 Rita Mehta da Peter Wainwright na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna yadda wannan muƙamuƙi ke zaburowa gaba har cikin baki, ya cafki abin da haƙoran waje suka riƙe, ya ja shi ciki.

Na gonar shinkafa a Sin da maƙwabtanta, Monopterus albus, mace ake ƙyanƙyashe shi; bayan ya girma ya yi ƙwai, sai ya rikiɗe ya koma namiji. Yana shaƙar iska, yana haƙa rami a laka ya jira damina. A shekarun 1990 aka fara ganinsa a ruwayen Jojiya da Fulorida a Amurka, ana kuma kyautata zaton mutane ne suka sake shi. Yanzu ya shiga fadamar Everglades yana cin ƙananan halittun da tsuntsayen wurin suka dogara da su. Wanda kifinsa ya fi ƙarfin tanki ya mayar wa mai shago ko ya ba wani mai kiwo. Kada ya kai shi rafi.

Mai lantarki na Kudancin Amurka kuwa ya fi kusa da tarwaɗa a dangantaka fiye da il. Yakan wuce mita 2. A 2019 aka gano ashe iri uku ne, kuma ɗaya daga ciki, Electrophorus voltai, an auna shi yana sakin bolt 860, alhali wutar gidajenmu 230 ce. Masuntan da suka san jan minjirya za su gane abin da ake nufi, sai dai wannan ya ninka ta. An ma ga fiye da ɗari sun taru a wani tafki kusa da Kogin Iriri na Brazil suna kora ƙananan kifaye wuri ɗaya, sannan su sakar musu wuta tare. Wannan ba na ɗakin kowa ba ne.

Il na asali

Shi ne ya fi kowa labari. Aristotle, masanin tsohuwar Girka, ya duba bai ga ƙwai ko 'ya'ya ba, sai ya ce daga laka yake fitowa. A 1876 wani ɗalibi mai suna Sigmund Freud, wanda daga baya ya shahara a ilmin halayyar ɗan Adam, ya zauna a Trieste ya feɗe kusan 400 yana neman gaɓar haihuwa ta namiji, bai samu tabbaci ba. Dalili kuwa shi ne gaɓoɓin ba sa nuna sai kifin ya kama hanyar teku.

Masanin Denmak Johannes Schmidt ne ya bi sawu. Daga 1904 ya yi kusan shekara ashirin yana jan raga a Tekun Atlantika, yana kamo 'ya'yan il masu siffar ganye, garau kamar gilashi, yana auna su. Duk inda ya ga sun fi ƙanƙanta sai ya nufi can, har ya tsaya a Tekun Sargasso, kudu da Bamuda. Can ne il ɗin Turai ke haihuwa, fiye da kilomita 5,000 daga kogunan da ya girma. Igiyar ruwa ke ɗauko 'ya'yan zuwa gaɓar Turai da Arewacin Afirka, su hau koguna, su yi shekaru goma, ashirin ko fiye a tafki da rafi. Da daddare idan ciyawa ta jiƙe sukan ratsa tudu daga wannan ruwa zuwa wancan, suna numfashi ta fata. Ranar da lokaci ya yi, sai cikinsu ya koma launin azurfa, idanu su ƙara girma, hanji ya shanye, su daina ci kwata-kwata, su koma Sargasso da kitsen jikinsu kaɗai, su yi ƙwai su mutu. Sai a 2022 aka samu shaida kai tsaye, bayan an liƙa wa wasu manya na'urar bin sawu a tsibiran Azores aka ga sun isa can. Har yau ba a taɓa ganin barbararsu a teku da ido ba.

Idan aka tsare shi ya kasa tafiya, sai jikinsa ya jinkirta balaga, shi ya sa na tsare kan yi tsawon rai na ban mamaki. A Suwidin an yi wani da ake kira Putte, wanda aka kama a 1863, ya mutu a tankin gidan tarihi na Helsingborg a 1948. A ƙauyen Brantevik kuma wani ya mutu cikin rijiya a 2014, mutanen gidan suna cewa tun 1859 aka jefa shi. Mai sha'awar ajiye il na asali ya sani yana ɗaukar amanar da za ta iya wuce shi zuwa ga 'ya'yansa, kuma dabbar da zai tsare tana da tafiyar da aka halicce ta don yi. A ganina a bar shi a kogi ya fi.

Ɗanyen jininsa guba ne ga mutum, dafuwa ke kashe dafin.

Yawan 'ya'yan da ke isowa gaɓar Turai ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da kafin 1980, saboda madatsun ruwa da suka tare hanya, da gurɓata koguna, da yawan kamu, da wata tsutsar ciki da ta shigo daga Asiya. Tun 2010 Tarayyar Turai ta hana fitar da shi waje. A shekarar 2010 ɗin ce kuma masu bincike a Japan suka yi nasarar kammala kiwon nasu irin daga ƙwai zuwa ƙwai a tsare, amma tsadar aikin ta sa har yanzu gonakin il da 'ya'yan da aka kamo a bakin teku suke cika kududdufansu. Wannan buƙata ce ta haifar da fasa-ƙwauri: jami'an tsaro a filayen jiragen saman Sifen, Fotugal da Faransa sun sha kama akwatunan matafiya cike da ledojin ruwa da kwalaben ƙanƙara, a ciki 'ya'yan il ne masu rai za a kai Asiya. Kilo ɗaya kan ƙunshi kusan guda 3,000.